Kunkurun Baba a Firjin Dorothy

Leeds, Ingila
11 ga Oktoba, 1998

Zuwa ga bawana Wilson,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ina fata wannan takarda za ta same ku lafiya, kai da matarka Dorothy da dukan mutanen Mairi. Yaya jikin Baba? Yaya ƙafar? Ni lafiyata ƙalau, sai dai sanyi, wanda mutanen nan suka ce wai bai ma soma ba tukuna.

Kada ka ɓata rai don na kira ka bawana. Ƙetare teku bai canza komai ba. Uwarka ƙanwar Baba ce, ni 'yar namiji, kai ɗan mace, saboda haka ko a ina muka haɗu kai ne mai ɗaukar mini jaka.

Za ka ga wasu takardu a cikin ambulan ɗin. A makarantarmu akwai wani ɗaki cike da kwamfuta, an haɗa su da wani abu da ake kira intanet. Ban san yadda zan kwatanta maka shi ba. Ka ɗauka Kasuwar Kwastam ce, amma maimakon albasa da atamfa kowa ya kasa abin da ke cikin kansa, kuma ba mai tsara rumfuna. Na shiga neman bayani a kan karatun jinyar da ya kawo ni, na fito da hoton wani mutum da ya noma ƙatuwar kabewa, ya rarake cikinta, ya shiga ya tuƙa ta a ruwa kamar kwalekwale. Daga nan na faɗa kan wani gari da suke ware rana guda su yi ta jifan juna da tumatir. Sai kuma tarihin wani alade da aka gurfanar gaban alƙali a zamanin da. Duk na buga muku su a takarda.

Ka san dalilin da ya sa nake aiko su, ba sai na ɓoye maka ba. Ranar da na fita da akwati Baba bai ce kada in tafi ba, amma bai ce in tafi ba. Mama ba ta cika shekara da rasuwa ba, shi kuma ga ɓarin jiki ya shanye, ni kuwa na bar shi na zo koyon yadda ake jinyar iyayen wasu. Abin yana damuna ƙwarai. In na zauna zan rubuta masa, daga gaisuwa sai in rasa abin faɗa. To ga waɗannan, ka fassara masa da yamma, ko Allah zai sa ya yi dariya.

A gaishe mini da Akawu, kunkurun Baba.

Uwargijiyarka,
Edith

Mairi, Maiduguri
5 ga Nuwamba, 1998

Ranki ya daɗe, uwargijiyar da ta tafi ta bar wa bawa gida da tsoho da kunkuru,

Wushe, wato sannu da karatu. Takardarki ta iso, mun gode wa Allah da jin lafiyarki. Mu ma lafiya. Dorothy tana gaishe ki, tana nan tana fama da zoɓonta na sayarwa. Jikin Baba da sauƙi. Maganar ta ƙara fita, hannun ne dai har yanzu sai a hankali.

Takardunki sun yi aiki fiye da maganin asibiti. Kin san Baba da takarda. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana aikin akawu ba ya karɓar takarda da hannu ɗaya. Ya ɗaga ta sama, ya shafa rubutun da yatsa, ya ce, “Wannan bugawa aka yi, ba rubutun hannu ba ne.” Daga nan duk abin da ke ciki ya zama gaskiya, ba a musu.

Da na karanta masa na tumatir, sai ya ce in duba ƙasan takardar ko an rubuta sunan hakimin garin, domin yana so ya san wanda ya sa hannu aka yi wannan ɓarna. Na aladen kuwa tambaya ɗaya ya yi, ko an ba shi lauya. Na ce takarda ta ce an ba shi. Ya ce, “To shi ke nan, an bi ƙa'ida.” Mai kabewa shi ne gwaninsa. Ya yi dariya har ya ƙware, Dorothy ta fito da gudu da ludayi a hannu tana tsammanin wani abu ne ya faru. Ban ji wannan dariyar ba tun Mama tana da rai.

Kin tambayi Akawu. Yana nan, ya kai girman fanteka, ba ya gaida kowa sai Baba. Gaskiyar magana shi ne yake fito da Baba daga ɗaki. Ni in na ce ya fito ya motsa ƙafa kamar yadda likita ya ce, sai ya juya mini baya. Amma kowace safiya zai ɗauki sanda ya ja ƙafar nan har gindin dogon yaro, ya ƙwanƙwasa ƙasa da sandar, sai ki ga Akawu ya leƙo daga raminsa ya nufo shi, ya karɓi ganyen salak daga hannunsa. Jiya ma ya sake ba ni labarin da kika sani, yadda Mama ta sayo shi a hanyar Konduga yana kamar tafin hannu, ta raɗa masa Akawu wai don tafiyarsa irin ta fayil ce a ofishin Baba. Na yi kamar ban taɓa ji ba.

Ki ƙara aiko da wasu. Ya ce in tambaye ki ko za ki zo Kirsimeti. Bai ce in ce shi ya tambaya ba, amma shi ya tambaya.

Bawan da ba a sallama,
Wilson

Leeds
24 ga Nuwamba, 1998

Bawana mai biyayya,

Ina gaishe ku duka. Na karanta takardarka a cikin bas, na yi ta dariya ni kaɗai a kan lauyan alade har wata tsohuwa ta canza kujera. Na gode wa Allah da jin sauƙin Baba, kuma na gode maka, ko da yake ba a gode wa bawa.

Kirsimeti ba zan samu zuwa ba. Na karɓi aikin hutu a wani gidan kula da tsofaffi, su kuma lokacin ne suka fi bukatar hannu. Ka san yadda za ka faɗa masa. Ni na rubuta layin nan na soke, na sake rubutawa, har yanzu bai yi mini daɗi ba.

Ga sababbin kaya daga kasuwa. Akwai wata mata da take zana fuskokin mutane da burodin da aka gasa, wanda ya ƙone shi ne gashi, wanda bai ƙone ba shi ne goshi. Akwai taron maza da suke yin shigar wani mawaƙi da ya daɗe da mutuwa, su yi gasar wanda ya fi kama da shi, har da masu tumbi da masu sanƙo. Akwai kuma wasu malamai da suka kafa kyamara a gaban tukunyar kofinsu don duniya ta riƙa ganin ko ya ƙare. Ka tambayi Baba hukuncin waɗannan.

Ta ƙarshen ita ce ta fi ba ni dariya. Wai a nan in sanyi ya shigo, masu kiwon kunkuru sukan sa shi a kwali su ajiye a firji, kusa da madara da man shanu, ya yi ta barci har sanyi ya wuce, sannan ya tashi garau. Ga hoton nan, ka gani da idonka. Na rubuta maka umarni a gefen takardar, sai bawa ya cika.

Ka sa Baba ya riƙa sa safa.

Edith

Mairi
28 ga Disamba, 1998

Ranki ya daɗe,

Barka da Kirsimeti, Allah ya nuna mana sabuwar shekara lafiya. Mun yi biki daidai gwargwado. Fasto ya zo gida ya yi wa Baba addu'a, Dorothy ta yi shinkafa da kaji. Da na faɗa masa ba za ki zo ba ya ce, “Aiki ai aiki ne,” bai ƙara ba.

To, albishirinki. An cika umarni.

Ga yadda aka yi. Tun da sanyi ya sauka Akawu ya rage cin abinci, ya shige rami, sai Baba ya yi ta ƙwanƙwasa kafin ya leƙo. Na ce masa ai kusan kowace shekara haka yake yi. Ya ce da Mama ce take sanin abin da ake yi masa, yanzu kuwa ba wanda ya sani, kuma a hannunsa zai mutu. Abin ya tsaya masa a rai har shi ma ya rage cin tuwo. Ana cikin haka sai ga takardarki. Na karanta masa ta firjin, bakina kuma ya zarce har kan abin da kika rubuta a gefe, “A gwada wa Akawu, umarnin uwargijiya.”

Ya ce, “Edith ce ta rubuta wannan?”

Na ce, “Ita ce, Baba, amma wasa take yi da ni, wasan taubasai.”

Ya ce, “Ba a wasa a kan takardar da aka buga. Ga hoto, ga bugu, ga hannun yarinyar da take karatun jinya a Ingila. Kai me ka karanta a Ingila?”

Kuma in faɗa miki gaskiya, da na sake karanta takardar ni ma sai na ga maganar ta hau. Sun ce alamar lokaci ya yi ita ce kunkuru ya daina ci ya nemi rami, ga shi kuwa abin da Akawu yake yi ke nan. Na ce a raina, watakila duk shekarun nan barci yake nema, zafin garinmu ya hana shi.

Dorothy ce ta ƙi. Ta ce a tsakiyar cinikin Kirsimeti za a kwashe mata zoɓo a sa mata dabba, kuma ita tun da uwarta ta haife ta ba ta taɓa jin irin wannan ba. Baba ya kira ta ya ce, “'Yata, ki ara mini, ba don ni ba.” Kin san Dorothy, bakinta ne kawai. Ita da kanta ta ciccire kantocin firjin, ta nemo kwalin sabulu, muka huda shi, muka shimfiɗa busasshiyar ciyawa. Akawu ya yi ta shure-shure kafin ya kwanta.

Takardar ta ce kada a dame shi, sai dai a riƙa buɗe ƙofar kullum iska ta shiga. Baba ya ce wannan aikinsa ne. Ga abin da zai faranta miki rai. Firjin yana sashenmu, ya fi gindin dogon yaro nisa sosai, amma yanzu kowace safiya Baba yana ratsa tsakar gida gaba ɗaya da ƙafarsa. Ya ce in gaya miki kin yi tunani mai kyau, karatun bai tafi a banza ba.

Na masu shigar mawaƙi ya ce a bar su, rashin gona ne.

Naki,
Wilson

Leeds
14 ga Janairu, 1999

Wilson,

Ina fata kuna lafiya. Ka yi haƙuri, ba zan tsaya gaisuwa ba. Ka fitar da Akawu daga firjin nan yanzu, kafin ka gama karanta takardar nan. Kada ka sa shi a rana kai tsaye, ka bar shi a ɗaki ya ɗumama a hankali, sannan ka sa shi cikin ruwa mai ɗumi kaɗan.

Wasa nake yi, Wilson. Da kai nake wasa. Ban taɓa zaton za ta wuce kunnenka ba.

Da takardarka ta iso na koma ɗakin kwamfuta da gudu na nemo wurin. Shafi biyu ne. Ranar nan mutane sun yi layi a bayana, sai na buga mai hoton kawai. A shafin farko, da manyan baƙaƙe, sun ce wannan na ƙananan kunkurun ƙasashen sanyi ne, kuma kada a kuskura a yi wa na ƙasashen zafi irin namu, domin su ba sa irin wannan barcin, sanyi kashe su yake yi. Yana nan a rubuce, ni ce ban karanta ba.

Na yi ta gwada wayar ofishin coci, ba ta shiga. Na ba wa wani mai zuwa Kano wannan takarda ya jefa a gidan waya a can, ko za ta fi sauri. Ka rubuto mini ranar da ta same ka. Ban iya cin abinci ba.

Edith

Mairi
3 ga Fabrairu, 1999

'Yar'uwata Edith,

Ina gaishe ki. Baba lafiya, Dorothy lafiya. Takardarki ta same ni a makaranta jiya. Akawu ya riga ya mutu tun makon farko na sabuwar shekara. Na ɗauki biro sau da yawa in faɗa miki, na kasa.

Daga Kirsimeti zuwa sabuwar shekara wuta ta zauna ba a ɗauke ba, har muna ta murna. Firjin Dorothy kuwa tsoho ne, bai san tsaka-tsaki ba, in ya samu wuta sai ya daskarar da komai. Wata rana da azahar, Baba yana kwance, na ga ƙanƙara ta kama gindin kwalin. Na buɗe. Na taɓa ƙafarsa na ji ta kamar itace. Na fito da shi, na yi duk abin da kika rubuto tun kafin ki rubuto, na zauna a gabansa har la'asar ina kiran sunansa kamar wawa. Na ɓoye shi a ɗakin ajiya na ƙara jira har washegari. Daga baya wari ya raba gardama. Na binne shi a filin bayan katangarmu.

Kada ki ɗauki laifin ke kaɗai. Ni malamin firamare ne. Ni nake tsayawa gaban allo ina koya wa yara cewa kunkuru da ƙadangare rana suke so. Na san wasa kike yi, na faɗa sau ɗaya, da aka harare ni na yi shiru. Da hannuna na sa shi a kwalin, yana shure-shure.

Baba bai sani ba. Na ɗauki dutsen niƙan Dorothy na naɗe da ciyawa na sa a kwalin, na mayar. Kowace safiya yana ratsa tsakar gida, ya buɗe ƙofar, ya ce, “Akawu, an kwana lafiya? Saura kaɗan.” Sannan ya tsaya ya ba shi labarin wanda ya haihu da wanda ya rasu a coci. Ni kuwa ina tsaye a bayansa riƙe da kofin shayi, ina kallon tsoho yana gaida dutse. Ƙafar ta yi ƙarfi fiye da kowane lokaci, jiya har ya manta sandar a jikin firjin ya yi rabin hanya.

Dorothy ta ce a faɗa masa. Ta ce ita ta gaji da kawar da kai in ya gaishe ta. Ni kuma ina tuna yadda ya faɗi bayan jana'izar Mama, da abin da likita ya ce game da tashin hankali. Akwai wata hanya. Hamisu, mutumin Kano ɗin nan mai albasa a Kwastam, yana zuwa Konduga duk mako, ya ce manoma sukan kama irin kunkurun nan, zai iya samo mai girman Akawu. Idon Baba ba kamar da ba.

Zafi ya kusa, Baba ya fara tambaya yaushe za a tashe shi. Ke ce 'yarsa. Abin da kika ce shi zan yi.

Wilson

Leeds
21 ga Fabrairu, 1999

Wilson,

Ina gaishe ku. Na gode da ka faɗa mini. Na yi kuka a ɗakin wanki na gidan tsofaffin nan, wata abokiyar aiki ta tambaye ni wa ya rasu, na rasa yadda zan ce mata kunkuru ne. Shi ne abu na ƙarshe mai rai da Mama ta bari a gidan nan da hannunta, ni kuma na kashe shi daga nan da biro, don in ba ka dariya.

Na san Dorothy ta fi mu gaskiya. Amma in Baba ya sake faɗuwa, ina nan, sai dai in ji a takarda bayan mako uku. Ba zan iya ba. Ka ce wa Hamisu ya nemo.

Kada ka manta da ɗigon shuɗin fenti a bayansa ta hagu, wanda ya zuba masa shekarar da aka yi wa ƙofa fenti. Baba yakan shafa wurin da babban yatsa. Ina jin kunyar rubuta wannan, amma in za a yi, a yi shi daidai.

Na sa takardu biyu don kada ya ga canji, ɗaya a kan wani gida da aka gina da kwalabe, ɗaya a kan masu bin cuku da gudu daga kan tudu. Ba dabba a ciki. Ni ban yi dariya ba da na gan su.

Ka ba Dorothy haƙuri.

Edith

Mairi
12 ga Afrilu, 1999

Edith,

Barka da Ista. Muna lafiya, sai zafi da ya sauka da ƙarfinsa. Jikin Baba zan zo kansa.

Hamisu ya samo. Girman ya yi daidai, na ɗiga fentin na goga masa ƙasa don ya tsufa. Ranar tashi Baba ya sa kaftaninsa na zuwa coci. Na riga na cire dutsen na sa sabon a kwali, firjin a kashe. Na ɗauko kwalin na ajiye a gindin dogon yaro. Da na buɗe sai ga shi ya miƙo wuya, ya fito da ƙarfinsa, ya kama salak da ci. Baba ya ɗaga hannun nan da ya shanye har kafaɗa, ya ce, “Kun gani? Takarda ba ta ƙarya.” Ya shafa fentin. Dorothy ta shige kicin ba ta fito ba sai yamma. Ni kuwa na ce mun tsira.

Washegari Baba ya fito ya ƙwanƙwasa ƙasa da sanda. Kunkurun ya ja kai ya shige ƙoƙonsa yana huci. Baba ya ce gigin barci ne. Kashegari ma haka. Ya gwada da ɓawon kankana, ya gwada kiran suna, ya gwada irin muryar da Mama take yi masa. In ya matso, sai dabbar ta juya ta nufi bayan akurkin kaji. Abinci yana ci, amma sai an ajiye an ba shi wuri. Haka aka yi ta yi har Ista ta wuce. Mun tuna da girma, mun tuna da fenti, ba wanda ya tuna da wannan a cikinmu.

Ranar Laraba Baba ya zauna a kujera ya daɗe yana kallonsa. Ya ce, “Ya tashi, amma bai san ni ba. Sanyi ya cinye abin da ke kansa.”

Na ce watakila a hankali zai tuna.

Ya ce, “Can inda Edith take, sanyin ya kai na firjin nan?”

Na ce wani lokaci yakan kai.

Ya ce, “Shi wata uku ya yi. Ita kuma shekara biyu za ta yi.” Sannan ya ce, “Dama na lura. Ba ta rubuto mini. Sai dai ta aiko da labarin kabewa.”

Tun ranar bai sake fitowa tsakar gida ba. Ba ya ciwo, ba zazzaɓi, yana cin ɗan abinci in Dorothy ta tsaya a kansa. Sandar tana jingine a bayan ƙofa. Na kai masa takardar gidan kwalabe, ya ce in ajiye.

Na yi niyyar ɓoye miki wannan maganar, sai na ga ɓoye-ɓoyen ya isa haka. Mun ji tsoron ya ji Akawu ya mutu. Yanzu ga shi ya yarda Akawu yana da rai kuma ya manta shi, wannan kuwa ya fi ciwo. Ban san abin yi ba.

Wilson

Leeds
29 ga Afrilu, 1999

Wilson, wannan ta Baba ce. Ka karanta masa duka, kada ka tsallake ko layi ɗaya, kada ka gyara.

Zuwa ga Babana,

Ina gaishe ka da girmamawa, Baba. Yaya jiki? Na buga wannan takarda da na'ura, ban rubuta da hannu ba, domin na san ba ka musu da abin da aka buga, kuma ina so ka yarda da ita.

Baba, Akawu bai manta ka ba. Akawu ya mutu a cikin firji tun farkon shekara. Wanda ke tsakar gida wani ne daban, daga Konduga aka kawo shi, bai taɓa saninka ba balle ya manta. Ni na ce a kawo shi, ni na ce a ɗiga masa fenti. Takardar da na aiko rabi ce, ɗaya rabin ya ce kada a yi wa irin Akawu haka, ban karanta ba. Abin da na rubuta a gefe wasa ne da Wilson. Ka yarda da shi ne don daga hannuna ya fito, ni kuma ban cancanci wannan yardar ba. Wilson ya faɗa maka wasa ne. Dorothy tun farko ta ce a gaya maka gaskiya. Kada ka riƙe su.

Ban rubuto maka ba domin kunya nake ji, ba don mantuwa ba. Na tafi na bar ka a lokacin da bai kamata ba, sai na riƙa aiko da kabewa da tumatir su tsaya a madadina. Ina tuna yadda kake goya ni a keke zuwa makaranta, ka ɗaure mini ƙafafu da hankici a jikin ƙarfe don kada su shiga waya. Ina tuna tarin da kake yi a ƙofar gida don Mama ta san ka dawo. A gidan tsofaffin nan, duk wanda na yanke wa farce, hannunka nake gani.

Ka gafarta mini in za ka iya. In ba yanzu ba, zan jira.

'Yarka,
Edith

Mairi
20 ga Mayu, 1999

Edith,

Ina gaishe ki. Muna lafiya. An fara haɗa hadari amma ruwa bai sauka ba tukuna.

Na karanta masa ranar Lahadi bayan mun dawo daga coci. Dorothy ta tsaya a bakin ƙofa. Ban tsallake komai ba, har maganar fentin. Da na gama ya miƙo hannu, na ba shi takardar, ya riƙe ta a cinya bai ɗaga ta sama ba.

Ya ce, “Ke nan bai manta ni ba.”

Na ce, “Bai manta ba, Baba.”

Ya ce, “Da kuka sa shi, ya yarda?”

Da na so in ce ya yarda. Na ce, “Ya yi ta shure-shure, Baba.”

Ya rufe ido. Ya ce, “Na ji shi. Ina zaune a nan ina jin ƙarar kwalin. Ni na ce a sa.” Na fara cewa laifina ne, ya ɗaga mini hannu. Sannan ya ce wa zai nuna masa wurin.

Edith, ya fita ƙofar gida. Tun da ciwon nan ya same shi bai taka waje da ƙafarsa ba. Muka zagaya bayan katanga a hankali, ni a dama, Dorothy a hagu, maƙwabta suna leƙe. Na nuna masa. Ya tsaya har na ji tsoron ƙafar za ta gaza. Bai yi addu'a ba, bai yi kuka a gabanmu ba. Ya ce a kewaye wurin da ƙaya saboda karnuka, na yi a ranar.

Baƙon kuma ya ce Hamisu ya mayar da shi inda aka kamo shi, domin shi ma watakila akwai wanda ya sani a can. An mayar.

Ba zan ce miki komai ya koma daidai ba. Ni ba ya yi mini magana sai ta zama dole, in na kawo shayi sai ya ce Dorothy ta ajiye. Na cancanta. Wata safiyar yakan fito, wata safiyar ba ya fitowa. Takardarki tana aljihun kaftaninsa.

Jiya na ce masa zan je gidan waya, me zan rubuta wa Edith. Har na juya zan tafi. Sai ya kira ni.

Ya ce, “Ka ce mata ta riƙa rufa da kyau. Ashe sanyi kisa yake yi.”

Ɗan'uwanki,
Wilson